Hannun Daman Kaka Elbert

Kakana na wajen uwa, Elbert Spruill, ya shekara ashirin da takwas yana yawo da bindiga a ƙugunsa, bai kuwa taɓa harbin abin da ya fi maciji girma ba. Na san shekarun ne domin tun rasuwar Gwaggo Vernell ni nake riƙe da akwatin takardun gidanmu, kuma duk tsofaffin katunan izininsa suna ciki, an ɗaure su da zare. In ka jera su za ka ga hoton mutum ɗaya yana furfura a hankali.

An haife shi a gonar taba ta wani Bature a gabashin jihar Carolina ta Arewa a Amurka, shi ne na shida cikin 'ya'ya tara. A soja ya koyi gyaran injin jan ruwa, da ya dawo kuma ya sayi tsohuwar a-kori-kura ya riƙa bin gonaki yana gyara wa mutane rijiyoyinsu. Aikin yakan kai shi ƙarshen hanyoyin da ko ihu ka yi babu mai ji. Wata rana karnukan wani manomi da ba ya gida suka rutsa shi a kan rufin ɗakin rijiya, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Da doka ta ba da dama, sai ya je ya yi kwas, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka ba shi izini.

Kaka Odessa, matarsa, ta tambaye shi a lokacin, "Karnukan ne suka sa ka, ko masu karnukan?"

Ya ce, "Dukansu haƙora gare su."

Amma daga ranar da ya ɗaura bindigar, ba karnuka ne suka fi ba shi tsoro ba. Fitilar 'yan sanda ce a madubi. A jiharmu, in aka tsayar da kai kana ɗauke da bindiga, wajibi ne ka faɗa da bakinka. Shi ma ɗan sandan, in ya buga sunanka a kwamfutar motarsa zai ga kana da izini, sai ya taho yana sane. Kaka yakan ce baƙin mutum mai bindiga, ko takardunsa sun cika kwando, baƙin mutum ne mai bindiga. Takarda tana aiki a kotu. A bakin titi hannunka ake kallo.

Saboda haka duk yaron da ya cika sha shida a danginmu, ko zai riƙe bindiga ko ba zai riƙe ba, sai ya bi ta hannun Kaka kafin a ba shi makullin mota. Ranar Lahadi ake yi, bayan an taso daga coci, a cikin a-kori-kurar tana tsaye ƙarƙashin bishiyar pekan. Kaka yakan sa baƙin tabarau, ya tako daga baya a hankali kamar ɗan sanda, ya ƙwanƙwasa rufin motar.

Ranar tawa, da ya ƙwanƙwasa sai na juyo ina murmushi.

"Kin mutu," in ji shi. "Wa ya ce ki juyo?"

Muka sake. Na sauke gilasai duka, na kashe inji, na ɗora makulli a gaban mota, gindin gilashi, inda za a gan shi, na kafa hannuwa biyu a saman sitiyari. Ya ce in ba shi lasin. Na miƙa hannu wajen jakata.

"Kin sake mutuwa, Nita. Me jakar nan take yi a ƙasa? Ba na ce takardu a maƙale su da roba a jikin abin tare rana ba? Sama, inda idonsa zai bi hannunki. Kuma ba ki motsa sai kin faɗi inda za ki kai hannu, ya ce to."

Ɗan kawuna Tyrell sau bakwai ya mutu a rana ɗaya, na ƙarshe don ya sosa wuya. Kaka Odessa ta leƙo daga baranda ta ce, "Mista Spruill, ka bar kashe mini jikoki ranar Lahadi, kaza tana hucewa." Ba ta kiransa Mista Spruill sai ya ishe ta.

Muna dariya, shi ba ya yi. Har fasinja yana da nasa karatun: tafin hannu biyu a gaban mota, baki a rufe. Murya biyu a mota ɗaya rikici ne, in ji shi, kuma mutumin da ya rikice da bindiga a hannu ba ya tambaya. In kuma ka zo wucewa ka ga an tsayar da ɗan'uwanka, kada ka tsaya. Ka wuce, ka jira a gaba.

Shi kansa sau goma sha ɗaya aka tsayar da shi a cikin shekarun nan, ya kuma dawo gida kowane karo. Ba ya alfahari da komai a duniya kamar wannan, ko kujerarsa ta dattijon coci.

Shekara biyu da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. In yana aiki, yana riƙe da sifana, lafiya lau. Sai ya zauna ya huta, sai babban yatsa ya fara murza ɗan'uwansa, daga nan hannun duka ya ɗauka. Da fari aljihu yake sa shi. Daga baya ya gano in ya tura shi ƙarƙashin cinya ya zauna a kai yakan lafa. Haka yake yi a bencin coci, haka a teburin cin abinci, haka a baranda. Duk mun gani. Babu wanda ya ce komai sai Kaka Odessa, ita ma cikin wasa.

"Elbert, hannun nan naka wani kiɗa yake ji da mu ba ma ji?"

"Kofin da kike dafa mini ne ya cika ƙarfi."

"Shekara hamsin kana shan kofina."

"To yanzu ya taru."

Ya ƙi zuwa asibiti. Na san dalili, ko da yake bai faɗa ba. In likita ya ba abin suna, sai a fara maganar mota, a fara maganar bindiga.

Ranar Juma'a ce a watan Agusta, gobe taron dangi na shekara. Muka ɗaura tirelar murhun gasa alade a bayan a-kori-kura za mu kai filin coci, tafiyar rabin awa. Ni ina gefensa da faranti biyu na kek ɗin dankali a cinya. Tyrell zai biyo mu da kujeru. Rana tana tsaka, kwalta har wani ruwa-ruwa take yi a ido. Kaka yana ba ni labarin yadda ƙaninsa ya ƙona alade guda a taron wata shekara, sai ya yi shiru a tsakiyar magana.

Na dubi madubin gefena. Shuɗiyar fitilar 'yan sanda.

"Nita," ya ce, "kin san karatunki."

Ya kunna sigina, ya rage gudu, ya nemi wuri mai faɗi ya sauka. Ya sauke gilasai, ya kashe inji, ya ɗora makulli a gaba, ya cire hularsa ya ajiye kusa da makullin. Ya kafa hannuwa a sitiyari. Ni ma na bar farantan a cinya na ɗora tafukana a gaban mota. Robar wurin ta yi zafi har tana cin fata, ban ɗaga ba.

Ɗan sandan ya daɗe bai fito ba. Mun san abin da yake karantawa.

A cikin shirun nan na fara jin ƙara, kaf-kaf-kaf. Hannun Kaka ne yake bugun sitiyari. Ban taɓa ganin ya yi ƙarfi haka ba, har gwiwar hannun tana motsi. Ya damƙe sitiyarin, jijiyoyi suka tashi, ya lafa kaɗan, ya sake ɗauka. Gumi yana bin bayan kunnensa.

"Tsaya mana," ya ce a hankali. Ba da ni yake ba.

Ɗan sandan bai zo ta gefen direba ba. Saboda motocin da suke wucewa, ta gefena ya zagayo. Saurayi ne Bature, bai fi ni da shekara uku ba, kuncinsa ya yi ja don zafi, hannunsa a kan kuben bindigarsa. Daga tagata yana ganin komai: ni, da farantai, da ƙugun Kaka na dama inda riga ta ɗan tasa.

Kaka ya fara da muryar da ya koya mana, ba sama ba ƙasa ba. "Barka da rana, yallaɓai. Kafin komai ina sanar da kai, ina da izinin riƙe bindiga, tana kuma jikina, a ƙugun dama."

Yana cikin faɗar haka, hannun ya saki sitiyari, ya sauka, ya shige ƙarƙashin cinyarsa. Bai san ya yi ba. Na rantse bai sani ba, idonsa yana gaba, bakinsa yana ƙarasa magana. Sabo ne na shekara biyu, hannun ya tafi inda ya saba ɓuya in ya ga baƙo. Tsakaninsa da bindigar bai kai taƙi ɗaya ba.

Ban ga lokacin da ɗan sandan ya zaro tasa ba. Na dai ga bakinta ya shigo ta tagata, kusa da kumatuna, ina jin warin man da ake goge ta da shi.

"Hannu! Fito da hannunka!"

Kafaɗar Kaka ta motsa.

"Kada ka motsa! Na ce kada ka motsa!"

Kaka ya daskare. A lokacin ne ya gane inda hannunsa yake, na ga abin ya sauka a fuskarsa. In ya zaro shi, dole ya bi ta gefen bindigar, kuma zai fito yana fizga. In ya bar shi, ya ƙi bin umarni. Shekara ashirin da takwas yana shirya wa wannan minti, bai taɓa shirya wa wannan ba.

"Ina hannunka? Me ka riƙe?"

Muryar yaron ta tsage. Numfashinsa yana bugun kunnena. Na ga yatsansa, ba a gefe yake ba, yana kan kunama.

An koya mini in rufe baki. Sau nawa aka koya mini. Amma na ji muryata tana fita, ƙarama, kamar ta wata.

"Yallaɓai, ba shi da lafiya. Hannun rawa yake yi, shi ya sa yake zama a kai. Babu komai a ciki. Shekara biyu ke nan yana haka, kowa a cocinmu ya sani."

"Nita, yi shiru," in ji Kaka.

"Ke, hannu a gaba. Kada ki juyo."

"Suna gaba, yallaɓai. Ba zan juyo ba. Tsoho ne, shekararsa saba'in da biyu. Kakana ne."

Farantin sama ya zame daga cinyata ya kife a ƙasan mota. Ƙarar ba ta da yawa, amma bakin bindigar ya zabura ya taɓa kunnena. Na rufe ido. Na tuna Kaka Odessa tana gida tana yanka kabeji, ba ta san komai ba.

Sai na ji Kaka yana magana, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Yallaɓai, gaskiya ta faɗa. In na zaro hannun nan zai wuce ta gefen bindigar, kuma zai fito yana rawa, ba ni da iko da shi. Ba zan zaro ba. Ga na hagu a sitiyari, kana ganinsa. Zan zauna haka har gobe in ka ce. Ka kira wani ya zo ya cire bindigar da hannunsa. Ka dai janye taka daga kan yarinyar nan."

Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta girgiza mu.

Ɗan sandan ya ja da baya taku ɗaya. Bai sauke bindigar ba, amma ta fita daga tagar. Na ji yana magana a oba-obar kafaɗarsa.

Daga baya aka ce mini minti tara muka yi a haka. Ban yarda ba har yau. Ƙuda ya shigo ya sauka a kan kek ɗin da ya zube. Tafukana suka mutu a kan robar nan mai zafi. Cinyar Kaka tana tsalle kaɗan-kaɗan saboda hannun da yake ƙarƙashinta, ni kuma ina roƙon Allah kada yaron ya ga wannan motsin ya fassara shi. Kaka yana numfashi ta baki.

A cikin mintocin nan Tyrell ya iso da motar kujeru. Na ga ya taka birki, na ga fuskarsa ta gilashi, bakinsa a buɗe. Zuciyata ta ce shi ke nan, zai tsaya, zai fito da gudu. Motar ta yi kamar za ta sauka gefe, sai ta miƙe ta wuce. Ya gaya mini daga baya cewa a kwanar gaba ya tsaya ya yi amai.

Wadda ta amsa kiran nasa 'yar sanda ce, babba, mai furfura a gefen kai. Ba ta yi sauri ba. Ta tsaya a tagar Kaka ta dube shi sosai.

"Mista Spruill, ni zan buɗe ƙofar nan. Kai ba za ka yi komai ba. Ka ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ta buɗe, ta riƙe hannunsa na hagu, ta miƙa nata ta ɗaga rigarsa, ta zare bindigar daga kube ta ɗora a rufin mota. Sannan ta ce ya ɗaga cinya. Hannun ya fito fari-fari don dannewa, babu komai a ciki, yana kaɗawa a iska kamar ganye.

Duk da haka sai da suka sa masa ankwa suka zaunar da shi a ciyawar bakin titi kafin su gama bincike. Ankwar tana ƙara a bayansa, cas-cas-cas, ba ta tsaya ba. Motoci suna rage gudu suna kallon dattijon cocinmu a ƙasa ba hula. Wannan ne abin da ban iya mantawa ba, ya fi bindigar.

Wayar fitilar tirela ce ta cire. Abin da aka tsayar da mu a kai ke nan. Saurayin ya rubuta takardar gargaɗi, ya miƙo ba tare da ya dubi idon kowa ba. Matar ta zare harsasan, ta sa bindigar a akwatin kayan aiki na baya, ta ce wa Kaka a hankali, "Dattijo, ka je ka ga likita. Ba kullum nake kusa ba."

Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe." Ya gode wa saurayin ma. Da suka tafi ya tsaya ya dubi makullin, ya ce, "Nita, kin taɓa jan tirela?" Na ce a'a. Ya ce, "Yau za ki koya."

Washegari ya gasa aladensa, ya yi addu'ar buɗe taro, ya yi wa ƙaninsa tsiya. Ya hana ni da Tyrell faɗa wa kowa sai an watse. Ranar Litinin da safe, a teburin kicin, shi da kansa ya gaya wa Kaka Odessa, bai rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe tana riƙe da butar kofi. Ta ajiye butar.

"Da jikata a motar."

"Da ita."

"Kai da ka kashe yaran nan sau ɗari a ƙarƙashin bishiya don sun sosa wuya."

Hannun yana kan tebur a fili, yana buga cokali a jikin faranti. Ya daɗe yana kallonsa kamar kare ne da ya rena tun yana ƙarami ya juyo ya cije shi.

"Ni da bindigar nan da hannun nan ba za mu sake shiga mota ɗaya ba," ya ce. "Hannun kuwa ba ya ciruwa."

Na ɗauka ajiye ta a gida ya isa. Ya ce bai isa ba. Muddin sunansa yana kwamfuta a matsayin mai izini, duk wanda ya tsayar da shi zai taho yana neman bindiga, ya tarar da tsoho yana fizge-fizge. Ranar nan na kai shi ofishin 'yan sandan gunduma ya mayar da katin. Matar da take bayan kantar ofishin ta juya katin ta ce ai da sauran shekara biyu a kai. Ya ce ya sani. Ya tambaye ta yaushe sunansa zai fita, ta ce ba ta da tabbas, ya ba su 'yan makonni. Bindigar ya ba Kawu Lemuel, mahaifin Tyrell. Laraba muka je asibiti, likita ya ba ciwon suna, ya rubuta magani, ya ce yana iya tuƙi tukuna.

Mako shida bai taɓa sitiyari ba, yana jiran sunansa ya fita daga kwamfuta. Ni nake kai shi gyaran rijiya kafin in tafi aikina na yamma. A gonakin da babu kowa yakan tsaya ya saurara kafin ya sauka daga mota, ya ɗauki guntun bututun ƙarfe ya riƙe. Ya rame. Wata rana muna dawowa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da kin bi karatuna ranar nan, ban san yadda za a yi ba."

Ranar da ya fara fita shi kaɗai, gyara ne a wata gona da ba ta fi minti ashirin ba ta babban titi. Kaka Odessa ta fito baranda da kwanon wake tana ɓarewa, ta gama, ta zauna da kwanon a cinya. Awa uku, awa huɗu. Na kira wayarsa sau biyu, ban kira na uku ba don kada ta yi ƙara a aljihunsa a lokacin da bai kamata ba. Can da yamma muka hango ƙurarsa, amma ta bayan gari ya ɓullo, ta wajen gonakin auduga.

"Ina ka tsaya, Mista Spruill?"

"Ban tsaya ko'ina ba."

Ta hanyar gona ya je, ta hanyar gona ya dawo, yana zagaye babban titin ta ƙananan hanyoyin da ya sani tun yana yaro. Tafiyar minti ashirin ta koma kusan awa guda. Har yau ta can yake bi.